Katin Baba Nehemiah

Kati na uku ya yage a hannun Salome tun tara ta safe ba ta yi ba. Zaren ta ja, irin jan da hannunta ya saba yi a bakin zane shekara ashirin da biyar, sai takardar ta tsage daga wannan huji zuwa wancan, ta buɗe baki a tsakiyar zangarniyar dawar. Ta lashi yatsa ta danna wurin kamar zai koma. Bai koma ba.

Ta ajiye shi a kan biyun da suka riga shi. Ta tashi ta je bakin ƙofa, ta tsaya ba ta san abin da ta fito nema ba, ta dawo. Ta sake ƙirga abin da ya rage a gwangwanin biskit ɗin, ko da yake ta ƙirga sau biyu. Takwas ne, kuma takwas ake bukata.

Gwangwanin na Winifred ne, 'yarta, wadda aka binne wata biyu da suka wuce. Winifred ba ta taɓa son keken ɗinki ba, ta ce ƙararsa tana shiga mata ƙashi. A kan takarda take nata ɗinkin. Sai ta yanka kwali mai kauri ta naɗe shi biyu, ta ɗora fuskar a kan tsohon silifas, ta bi zanen da allura tana hudawa, sannan ta bi hujin da zare. Mutane suna saye don ranar haihuwa da Kirsimeti. Da ƙawarta Precious ta sa ranar aure, Winifred ta ce katin jama'a a kai wa masu bugawa, amma na dattawa talatin na Duvu, ƙauyen iyayen Precious, ita za ta yi da hannunta. Su waɗannan ba a gayyatarsu ta waya. Sai amarya ta je da kanta ta durƙusa ta miƙa, kuma wanda aka tsallake ba ya mantawa har ya mutu.

Ta yanka talatin da uku a shuɗin kwali, ukun saboda tsaro, ta huda su duka a mako guda lokacin da take da ƙarfi: zangarniyar dawa biyu a ɗaure da igiya ɗaya, da layi kewaye da baki. Ta gama ashirin da biyu, fari a kan shuɗi, kowanne ta sa shi a ledarsa da 'yar takardar sunan mai shi ta liƙe. Sai ciwonta na sikila ya tashi tashinsa na ƙarshe.

Bayan zaman makoki Salome ta ce wa Precious kada ta damu, ita tela ce, sauran ba za su gagare ta ba. Amma ta kasa buɗe gwangwanin. Duk Lahadi a bakin coci Precious takan tambaya a hankali, ita kuma ta ce an kusa. Yau Asabar. Ƙarfe huɗu Precious za ta zo ta karɓa ta wuce Duvu, don gobe bayan sujada za ta fara bin gidaje.

Mijinta Ezekiya yana tsakar gida yana ɗaure buhuna a bayan kekensa, zai je Mugulbu ɗebo wake. Ya leƙo ya ga yagaggun katunan a kan tabarma.

"Maman Wini, ki kira yarinyar nan ki gaya mata gaskiya."

"Gaskiyar me? Na ce ba zan yi ba ne?"

"Wata biyu ana kusa. Ko Yola ce da ƙafa, da an isa."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce ya kama hanyar gonarsa, wake ba zai ɗebo kansa ba. Ya ɗan tsaya a bakin ƙofar yana murza igiyar roba a hannu, ya ce ya sha jin Wini tana cewa takarda ba atamfa ba ce. Sai ya tura kekensa ya fita.

Ta ɗauki na huɗu ta buɗe. A ciki, can ƙasa, akwai rubutun fensir da hannun Winifred: "Na Baba Nehemiah. Zare." Ta san tsohon, ƙanen kakan Precious ne, mai bishara a da, idanunsa sun rufe shekaru da yawa. Abin da ba ta gane ba shi ne kalmar ta ƙarshe. To sauran da me ake yin su, da igiyar rama? Ta mayar da shi ƙasan sauran. Ta ɗauki wani, ta kai allura bakin huji, hannunta ya ƙi. Idan wannan ya yage, dattijo ɗaya ya rasa kati.

Ta ɗaura ɗankwali, ta jefa yagagge ɗaya a jaka, ta fita neman kwali.

Mai keke napep ɗin da ta samu a bakin titin Nassarawo ya ƙi tashi sai ya cika. Ta sauka ta fara tafiya da ƙafa, ya cika ya same ta a gaba, ta sake shiga. A kusa da gadar rafi wata babbar mota mai buhunan masara ta mutu a tsakiyar hanya, kowa yana ba direban shawara ta taga. Salome ta ciro waya ta duba lokaci, ta mayar, ta sake cirowa. Matar da ke kusa da ita ta tambaya ko asibiti za ta. Ta ce a'a, kasuwa.

Shagon Sumayyat yana layin masu zare, faɗinsa bai wuce tabarma ɗaya ba. Sa'ar Winifred ce, kuma a wurinta Winifred take sayen komai na aikinta. Da ta hango Salome ta tashi ta ba ta kujerarta, ta gaishe ta, ta tambayi Baban Wini, ta tambayi ƙarin haƙuri. Salome ta amsa a tsaye, ta ciro katin ta ce irin wannan kwalin take so.

Sumayyat ta ce babu. Daga Kano aka kawo shi sau ɗaya, kuma Wini ce ta kwashe na ƙarshe. Akwai ruwan hoda da fari. Ta juya katin, ta dubi tsagar, ta yi ɗan murmushi.

"Mama, kin ja."

"Ɗinkin da ba a ja ba ɗinki ne?"

"A nan kam shi ne. Zane in kin huda shi yakan rufe bakinsa. Takarda ba ta yafewa."

Ta yi mata bayani kamar yadda ta gani a wurin Wini: ba a ja, ba a ƙulli, kwantar da zaren ake yi kawai, a manne bakinsa da salatif ta baya. Salome ta tambayi tsawon lokacin da kati ɗaya yake ci. Sumayyat ta ce Wini da hannunta ya saba takan yi awa ɗaya da rabi. Salome ta dubi waya. Sha ɗaya ta wuce. Ba ta yi makaranta mai nisa ba, amma wannan lissafin bai bukaci makaranta ba. Ta zauna a kujerar, ta sake tashi.

Sumayyat ta miƙa hannu bayan kwalaben maɓallai ta ciro wani biro siriri mai farar tawada. Ta ce tunda an riga an huda, sai a haɗa huji da huji da shi. Minti goma an gama ɗaya, kuma in ba mutum ya shafa ba, ba zai gane ba.

"Ɗinkin ƙarya ke nan," in ji Salome.

"Haka ake kiransa, amma ban ji limami ko fasto ya hana ba."

"'Yata ba ta taɓa miƙa wa mutum ƙarya a leda ba. In ajiye biro kusa da zarenta? Yarinyar da har makon da za ta tafi allura tana hannunta?"

Sumayyat ta fara jera kwalaben maɓallan da suke a jere. Salome ta ce a ba ta salatif da allura mafi siriri, za ta je ta ɓare ɗaya daga cikin na Wini ta ga yadda take kwantar da bayan, ta bi sawunta.

"Kada ki ɓare, Mama," in ji Sumayyat da sauri. "Ledar in an ɓare ba ta komawa daidai."

Salome ta ce leda ai ba tsada take ba, a ƙara mata ashirin. Wata mata ta zo neman zif, Sumayyat ta juya wurinta, ta daɗe tana nuna mata kala-kala. Biron ya zauna a kan teburi inda Salome ta bar shi.

Sha biyu da kwata ta shiga gida. Ba ta cire ɗankwali ba. Ta sa tabarau, ta ɗauki katin da ke saman ashirin da biyun, wanda Winifred ta gama a ƙarshe, ta sa farce ta ɓare ledar, ta buɗe shi.

A dama takardar gayyata ce a manne, da sunan Precious da na angonta Derrick. A hagu, bayan ɗinkin, huji ne a jere, tsaf, babu komai a tsakaninsu. Babu zare, babu salatif.

Ta rufe ta dubi fuskar. Ga zangarniya biyu, fari a kan shuɗi, ga igiyar da ta ɗaure su. Ta shafa da babban yatsa. Sumul. Ta tashi ta kai shi bakin ƙofa inda rana take. Tawada ce, daga huji zuwa huji, an bar ɗan fili a tsakani kamar yadda zare yake nutsewa ya fito. A kusurwa har an zana ɗan guntun bakin zare, kamar wanda almakashi ya bari.

Ta dawo ta ɓare na biyu, ta ɓare na uku. Ba ta ƙara kula da ledar ba, yaga take yi. Bakwai babu komai a bayansu. Na takwas ne ta samu da zare, da ƙananan salatif a jere kamar haƙoran yaro. Ta juye gwangwanin a kan tabarma, ƙullin zare da allurai suka watse, biron ya gangaro ya tsaya a gefen ƙafarta. Ta gan shi da safe, ta ɗauka na rubuta sunaye ne. Irin na shagon Sumayyat ne sak. Murfinsa duk sawun haƙora, inda aka riƙa cizawa ana buɗewa.

Makonni uku ne tsakanin ranar da aka sallamo Winifred daga asibiti da ranar da aka mayar da ita. Duk safiya tana zaune a ƙarƙashin tagar nan, bayanta a jikin bango, tire a kan cinya, allura da farin zare a soke a gefen matashin inda mai shigowa zai gani. Takan ce, "Mama ki tafi shago, kin ga aiki nake." Salome takan tafi. Da yamma takan dawo ta sami sabon kati a leda, ta ɗaga ta yaba, ta mayar. A taron zumuntar mata ta tashi ta yi godiya, ta ce yarinya ta ji sauƙi, wadda take iya sa zare a allura ba ta kusa ko'ina ba. Ranar ta ƙarshe tana shago tana yanka rigunan mawaƙan coci maƙwabciya ta kira ta.

Ta fita tsakar gida. Ta kwashe kwanukan da ke bakin randa ta mayar da su wani wuri, ta dawo da su. Ta ɗauki tsintsiya ta ajiye. Sannan ta shiga ta kira Sumayyat.

"Yaushe kika kawo mata biron?"

Hayaniyar kasuwa ta cika wayar. Sumayyat ta ce kwana biyu bayan sallama. Yatsun sun kumbura, allura ba ta kamuwa, ta gwada a gabanta har ta yi kuka. Wini ta sa ta yi alkawarin ba za ta faɗa ba.

"Me ya sa?"

"Ta ce in kin ga ta ajiye allura za ki rufe shago ki zauna kina kallonta. Ta ce ciwon tana iya ɗauka, kallon ne ba ta iyawa. Mama, ki yafe mini."

Salome ta ce ba ta yi mata komai ba, ta kashe wayar.

Ta zauna a ƙarƙashin tagar, a wurin, bayanta a jikin bango. Abin da ya fara zo mata shi ne ta bi bakwai ɗin da zare ta rufe tawadar, kada wani dattijo a Duvu ya shafa ya ce 'yar Ezekiya ta yi musu wayo. Har ta sa zare, har ta kai bakin allurar cikin huji na farko na katin ƙarshe. A nan kusa ta ga abin da ba ta gani ba ɗazu. Layukan zangarniyar dama a miƙe suke, na hagu sun ɗan karkace, a wuri biyu biron ya zame ya wuce hujin, an dawo an gyara. Idan ta bi da zare, duk wannan zai shige ƙasa. Ta zare allurar ta soke a gefen zanenta.

Ta ciro katin mai rubutun fensir ta sake karantawa. Tsohon da hannu yake gani. In an miƙa masa tawada, kwali kawai aka ba shi. Yarinyar ta ajiye nasa tana jiran ranar da yatsun za su sace.

Ƙarfe ɗaya ta yi. Salome ta ɗauki biron ta ja murfin da hannu, ya buɗe ba wuya. Ta girgiza shi, ta gwada a kan yagaggen kati. Na farko ya fito da kauri kamar alli. Ta ajiye na Winifred a gefe tana dubawa: a fara daga cikin huji, a ɗaga hannu kafin a kai na gaba, kada a danna. Ta cika yagaggun biyu da gwaji kafin ta taɓa mai kyau. Na farko ya ci mata kusan minti ashirin, na biyu bai kai ba. Wajen na biyar ta kama kanta tana zana ɗan guntun bakin zaren nan a kusurwa. Ta jera bakwai ɗin a kan gado su bushe. Biyu da rabi saura kaɗan.

Ta wanke hannu ta goge sosai. Ta yanka zare tsawon kamu biyu, ta manne bakinsa da salatif ta baya, ta fito da allura ta huji na farko. Zaren ya bi, ya kwanta. Hannunta ya so ya ƙara masa ɗan ja ya zauna, ta tsayar da shi a sama har sai da son ya wuce. Haka ta yi a kowane huji. Gumi ya sauko mata ta bayan tabarau, ba ta share ba don kada yatsa ya jiƙe. A wuyan zangarniyar, inda hujojin suka matsu, takardar ta yi fari tsakanin biyu, alamar za ta buɗe. Ta ajiye komai, ta tashi ta zaga ɗakin, ta dawo ta manna salatif a bayan wurin, ta wuce ta kansa a hankali. Ya riƙe.

Tana kan layin baki ta ji keke napep ya tsaya a waje. Precious ta yi sallama ta shigo da jakar tafiya a kafaɗa, ta durƙusa ta gaishe ta, idonta ya sauka a kan yagaggun ledoji da katunan da ke baje. Salome ba ta ɗago ba. Ta ce ga sabbin ledoji nan a jaka, ta zauna ta sa kowanne a tasa, ta mayar da takardun sunayen.

Precious ta zauna a bakin gado ta fara. A na uku hannunta ya tsaya. Ta shafa fuskar katin, ta buɗe ta dubi ciki, ta dubi Salome. Mai keken ya yi hon a waje. Precious ta rufe katin ta sa shi a leda, ta ɗauki na gaba, ta shafa shi ma, ta sa. Hancinta kawai take ja.

Huɗu ta wuce da minti goma Salome ta manne bakin zare na ƙarshe ta yanke. Ta cire tabarau, ta rufe ido, ta bi katin da yatsu tun daga kan zangarniya har igiyar. Dawar tana nan, ƙwaya-ƙwaya.

"Wannan na Baba Nehemiah ne," ta ce. "Kada ki sa shi a leda. Ki sa masa a tafin hannu."

"In ya tambayi wanda ya yi fa?"

"Ki ce Wini ce ta huda."

Precious ta naɗe shi a hankici ta sa a cikin Littafinta Mai Tsarki. Ta ƙirga sauran, ashirin da tara. Mai keken ya sake yin hon, ta leƙa ta ce masa ya yi haƙuri, ba gudu Duvu za ta yi ba. Kafin ta rufe jakar ta ciro biyu daga cikin masu tawada, ta ɗaga su wajen taga, ta dubi wannan ta dubi wancan.

"Mama, na kasa gane wanne ne naki, wanne ne nata."

Salome tana tattara allurai tana mayarwa a gwangwani. Ta ɗauki biron, ta rufe shi, yatsanta a kan sawun haƙoran.

"Ita ta koya mini," ta ce.